Tiyata da Teyatur

Kowane ɗan kasuwa yana da ranar da ba ya mantawa da ita. Ni tawa wata Talata ce cikin damina, ranar da Hajiya Kulu ta tsallako iyaka daga Ƙonni ta tsaya a ƙofar shagona, alhali ba ranar kasuwa ba ce. Abin da ke kan faifai a ranar, in na ƙidaya, uku ne: kati talatin da biyu da take kawo mini duk Lahadi, sunan da na yi shekara tara ina ginawa a Illela, da wani tsoho da aka sa wa ranar aiki a asibiti jibi ya ce shi ya fasa. Ba zan ɓoye muku ba, katunan na fara ƙidayawa. Sai da muka kama hanya na gane na ukun shi ne magana.

Saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba, bari in faɗi yadda aikinmu yake. Mu masu tura fim ne. Mutum zai kawo wayarsa ko katin waya, mu jona da kwamfuta, mu zuba masa abin da yake so. Na waje yawanci sun zo da fassarar Hausa, murya ɗaya tana yi wa kowa magana, mace da namiji da yaro. Akwai fim mai ƙarewa a zama ɗaya, akwai mai dogon zango, kashi-kashi, wani ya haura ɗari. Ni da faifan sidi na fara a kan tire a birnin Sakkwato, na koma baro, na tara na sayi kwamfuta ta hannu, na dawo Illela saboda kasuwar Lahadi da mutanen tsallake. Tura fim kowa ya iya, danna abu biyu ne. Abin da ke raba mai shago da mai shago shi ne zaɓi. Rabin masu zuwa ba su san sunan abin da suke so ba, cewa suke yi, "Sa mini mai kyau."

Ni kuwa ina alfahari da zaɓina. Ba na sayar da fim ɗin da ban kalla ba. Kuma ba na tambayar mutum wane fim yake so, sai in tambaye shi wa zai kalla, a ina. Direban da ke jiran lodi a tasha na Chana nake ba shi, magana kaɗan, duka da yawa, ko an kira shi a tsakiya bai yi asarar komai ba. Mai tsaron shago na Indiya, don in mai saye ya shigo ana cikin waƙa, ya sallame shi ya dawo bai rasa zaren labari ba. Gidan da za a zauna da surukai, na tarihi mai dawaki da takubba, babu abin da zai sa wani ya sunkuyar da kai. Na ban tsoro ba na ba mai ciki, ko ta roƙa. Na Amurka sai na bi shi daga farko har ƙarshe na san inda ƙaya take, in ba zai shiga gida ba in ce ba ni da shi. Doka ta ƙarshe ita ce ba na faɗin ƙarshen fim. Wanda ya faɗi ƙarshe ya zubar da hajarsa a ƙasa.

Duk da haka, in ana maganar sanin fim, Hajiya Kulu ta dame ni ta shanye. Dattijuwa ce mai sayar da atamfa da turaren wuta a Ƙonni, ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sunan fim ko ɗaya ba, amma ba ta taɓa manta fuska ko labari. Matan unguwarsu da ba su fita su ke ba ta katunansu, kowanne a naɗe cikin ƙyallen atamfa daban don kada su cuɗe, ita ke zaɓa wa kowacce. Takan zauna a bencina duk Lahadi ta yi awa biyu tana yanke hukunci, ni ina turawa.

Da abinci take auna fim. Na Indiya, in ji ta, shinkafa ce da mai, sai ka ƙoshi ka yi barci ka tashi ba a kai ga ɗaurin aure ba, amma ba a rabuwa da ita. Na Chana yaji ne, a barbaɗa, ba a ci shi tsura. Na Amurka shayin Buzaye ne, ɗan kofi kaɗan sai bugun zuciya. Namu na Hausa tuwon gida ne, kana kushe miyar kana miƙa kwano a ƙara maka. Abin da take jin haushi a namu shi ne falo: ta ce a zaunar da mutum uku a kan kujera su yi rabin awa suna maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani. Na tarihi ta ce suna da kyau, illarsu ɗaya, duk magidancin da ya kalla sai ya fara yi wa iyalinsa magana kamar mai shirin fita yaƙi. Masu dogon zango kuwa ta kira su goro, ba sa ƙosarwa, amma wanda ya saba ba ya iya yini babu su. Mun sha yin musu, ta fi ni gaskiya sau da yawa. Akwai wani na soyayya da na yaba, ta kalli kashi biyu ta ce matan unguwarsu ba za su gama shi ba, don yarinyar ba ta da uwa ko inna da za ta kai wa kuka, kuma mace ba ta yarda da labarin da babu wajen kai kuka. Haka aka yi.

Lahadin da abin ya faru Hajiya ba ta zo ba. Ta aiko Garba, ɗan kabu-kabun da ke ɗaukarta a babur, da ƙullin katuna, da wani sabon kati guda a cikin takarda. Ta kuma turo mini saƙon murya, kasuwa ta cika, ana ta hayaniya, na kara waya a kunne na ji. Ta ce mijinta Alhaji Mamman za a yi masa aikin ƙaba ranar Alhamis, sau biyu ana sa rana yana zamewa, yanzu likita ya ce abin ya kai inda ba a jira. Tsoro ya hana shi ci, ya hana shi sakewa. Ta ce in cika masa sabon katin da abin da zai kalla ransa ya kwanta. Kalmar da ta faɗa, ni tiyata na ji.

A nan ne wayona ya ci ni. Na ce a raina, lallai tsohuwar nan ta san kan mutum: wanda ke tsoron ruwa a nuna masa masu iyo. Ina da wani mai dogon zango na asibiti, kashi ashirin da takwas, fassara mai kyau, likitoci masu natsuwa, ɗakin aiki fes. Na kalle shi sau biyu. Na zuba shi gaba ɗaya, na ba Garba, har ina ce masa ya gaya wa Hajiya ta gaishe ni da aiki. Kiran waya na minti ɗaya da ya raba gardama. Ban kira ba, don na ɗauka na gane.

Talata da hantsi sai ga ta. Ba ta zauna a benci ba, gaisuwar ma a taƙaice.

"Sahabi, mi kas sa wa Alhaji cikin katin ga?"

"Abin da kinka ce, Hajiya. Na tiyata."

"Teyatur nic ce. Teyatur, ɗan nan. Wasan ban dariya. Shekara nawa kana zaune bakin iyaka ba ka ji Hausa ba?"

Telan da ke maƙwabtaka da ni, mutumin tsallake ne, ya tsayar da kekensa ya bushe da dariya har yana tari. Shi ya yi mini bayani cewa a wajensu tsofaffi haka suke kiran wasan kwaikwayo, irin na dandali da na talabijin ɗin da, kalmar daga Faransanci ta shigo, kamar yadda tamu tiyatar ta shigo daga Turanci. Samari ba sa faɗinta yanzu, fim suke cewa, shi ya sa ban taɓa jin ta a shago ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce Alhaji ya kwana biyu da waya a hannu, ya kalli kashi huɗu, ya ga wuƙa ya ga jini, ya kife wayar ya ce babu mai tsaga shi, in ajali ne ya same shi a gadonsa. 'Ya'yansa sun yi magana, limamin unguwa ya yi, ya ƙi. Ta ce ba ta zo rigima ba, katunan mutane ta zo gaya mini kada in ƙara sa ran ganinsu.

Na tambaye ta ko Alhaji zai yarda in zo in gaishe shi. Ta ce ƙofar gidansu ba a rufe take ba. Na rufe shago, na sa kwamfuta a jaka na naɗe da leda saboda hadari, ta hau bayan Garba, na bi su a babur ɗina. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma a cikinta na shirya jawabi kala uku, babu wanda na yi amfani da shi.

Na samu Alhaji Mamman a rumfar tsakar gida, kishingiɗe a kan kujera mai shimfiɗa, dogon mutum, dillalin albasa ne a da. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne mai laifin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne likitan Illela?" Ya sa aka kawo mini fura.

Na zaci tsoho ne da bai san fim ba, Hajiya ma haka ta gaya mini. Ashe ba haka ba ne. Ya ce lokacin yana yaron mota, duk garin da suka sauke kaya mai gidan silima sai ya shiga, tun kafin ya san Hajiya, bayan ya sauke farali ne ya bari. Hajiya da ke bakin ƙofar ɗaki ta ce shekara arba'in bai taɓa gaya mata ba. Ya ce ba ta taɓa tambaya ba. Daga nan ya shiga ba ni karatu. Ya ce fim na gaskiya shi ne kaboyi: mutum ɗaya, doki ɗaya, hula, bai fi kalma goma ba a duk fim ɗin, amma ka san waye shi tun daga yadda ya sauka a kan doki. Na Indiya na da, ya ce, ba fassara, ba wanda ke jin yaren, amma silima gaba ɗaya sai ta yi kuka lokaci guda. Na yanzu an fassara komai, ba abin da ya rage wa mai kallo ya gane da kansa. Na Chana ya ce yana son su don ba a zama gwani a banza, sai an sha wuya a hannun malami, an ɗebi ruwa an share gida. Na ce masa akwai na yanzu da suka kai waɗancan, na ba shi misalin wani na kotu da aka yi shi gaba ɗaya a ɗaki guda. Ya ce in a ɗaki guda ne ai namu na Hausa sun riga su. Muka yi dariya, ya dafe ciki.

Na ce to wannan da na turo fa, ba shi da kyau ko? Ya ce a'a, matsalar ke nan, yana da kyau. Da maras kyau ne da ya yi barci. Sannan ya ce akwai wani tsoho a ƙarshen kashi na huɗu, an turo shi a gado za a shiga da shi, a nan ya kife wayar.

"Ya tashi?"

Ta bayansa na hango Hajiya tana gyaɗa mini kai da ƙarfi, wato in ce e. Ga dokata ta rashin faɗin ƙarshe. Ga kuma katin a wayarsa, duk lokacin da ya danna zai ga gaskiya, kuma tsohon dillali in ya kama ka da ƙarya sau ɗaya, kome ka faɗa bayan nan iska ce.

"Bai tashi ba, Alhaji."

Hajiya ta shige ɗaki. Shi kuma ya ce dama ya sani.

Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun da aka sa kiɗa mai sanyi, aka nuna jikarsa tana gyara masa hula, ya ba ta agogonsa. A fim, in ji shi, duk wanda ya ba da agogo ya tafi. Na ce to ashe ba wuƙa ce ta kashe shi ba, mai rubuta labarin ne, don ya ga kashi huɗu sun wuce ba a yi kuka ba. Na ce na kalli fim ɗin nan sau biyu, waɗanda aka shiga da su ɗakin nan sun haura talatin, huɗu ne ba su fito ba. Sauran ba a daɗewa a kansu, don wanda aka yi wa aiki ya tashi ya sha kunu ya koma gida ba labari ba ne, ba mai biyan kuɗi ya kalle shi. Sannan na ce ya tuna kashi na biyu, abin da likita ya ce wa wancan tsohon. Ya tuna. An gaya masa ya zo tun bara, ya yi ta ɗagawa.

"Da ni kake, ɗan Sakkwato."

"Ni da fim nike, Alhaji. Kai ma ka kalla."

Ya juya carbinsa. Da ya buɗe baki, ba maganar asibitinsa ya yi ba. Ya tambaye ni shugaban asibitin cikin fim, wanda ke karkatar da magani yana ɗora wa ƙaramar likita laifi, shin asirinsa yana tonuwa? Ya ce mutumin nan tun da ya ga yadda yake murmushi ya tsane shi, ya yi kama da wani da ya taɓa cin amanarsa a cinikin albasa.

A nan na ga ƙofa. Na ce ya ba ni wayar. Na cire katin, na jona da kwamfuta a gabansa, na kwashe kashi ashirin da huɗun da suka rage, na zuba masa teyatur ɗin da aka ce tun farko, na barkwanci namu da na tsallake, har katin ya cika. Na mayar masa. Na ce na karya dokata sau ɗaya yau saboda girmansa, ba zan ƙara ba. Sauran kashin suna wurina. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ni da kaina zan kawo su.

Ya ce ai akwai wasu shaguna a Illela. Na ce akwai, amma wannan fassarar ni kaɗai ke da ita, wanda kuwa gaskiya ne a lokacin. Ya kira Hajiya ya ce ta zo ta ga ɗan kasuwar da ya shigo gidan mutum ya yi garkuwa da fim. Ta fito tana ɗaure fuska. Ya ce mata a gaya wa yaran su nemo mota ranar Alhamis, kuma kada wanda ya sa masa kiɗa mai sanyi, agogonsa ma da shi zai shiga.

An yi aikin ranar Alhamis, aka gama lafiya, Allah ya ba da sa'a. Ranar Asabar Hajiya ta kira ni, karon farko tun Talata. Na ɗauka godiya ce. Ta ce in zo in kwashe teyatur ɗina. Ashe Alhaji ya kunna ɗaya a gadon asibiti, ya yi dariya har ɗinki ya motsa, likita ya yi faɗa ya ce babu dariya sai bayan mako biyu. Ta ce in kawo masa wancan na tiyatar, shi ne ba ya ba da dariya. Na kai a ranar. Ya kalli kashi ashirin da huɗu a kwance, ya aiko mini da hukunci ta bakin Garba: fim ɗin ya yi, amma an ja ƙarshen, kuma hukuncin da aka yi wa shugaban asibitin ya yi kaɗan.

Abin da nake so ku ƙanana a sana'ar nan ku ɗauka ba shi da yawa. Duk saƙon da aka aiko, ku maimaita wa mai shi da bakinku kafin ku danna, ko da kuna ganin kun gane, musamman ma in kuna ganin kun gane. A bakin iyakar nan Hausa ɗaya muke ji, amma kowane ɓangare da kalmomin da Turawansa suka bar masa. Sannan ku sani ba fim kawai kuke zuba wa mutum a kati ba, abin da zai zauna da shi ne a lokacin da ba kwa nan, kuma ba ku san halin da zai same shi a ciki ba.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na yi asarar cinikin Talata guda da man babur zuwa Ƙonni sau biyu. Hajiya ta dawo bencinta, amma sai da ta ba duk matan unguwa labari, shida daga cikinsu suka mayar da katinsu wani shago suka ce Sahabi ba ya jin Hausa, har yau ba su dawo ba. Saura ashirin da shida. Sunan Likita ya bi ni, yanzu ko takardar kaya aka aiko daga tasha haka ake rubutawa. A ɗaya gefen, Alhaji Mamman ya koma majalisarsa a kan ƙafafunsa, ya jawo mini tsofaffi biyar, duk kaboyi suke nema, abin da sai na sha wuya nake samowa, kuma kowannensu in ya kalla sai ya aiko a gaya mini bai kai na da ba. Kati talatin da biyu sun koma talatin da biyu, in aka haɗa da na Alhaji. A kuɗi ban ci ba, ban faɗi ba. Tsohon ne ribar, kuma yana nan da ransa.